Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: kabon, naitirojin da albarkar ƙasa a fadamun fit na arewacin duniya

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. An koya mana cewa ƙasar da ta fi tarkacen ganye da taki ita ta fi albarka. Sai kuma na karanta cewa fadamun fit na Rasha da Kanada da Finlan kusan gaba ɗayansu tarkacen tsiro ne, ga kabon ga naitirojin jibge, amma wai tsiro na shan yunwa a kansu. Yaya waɗannan biyu za su zama gaskiya tare? Kuma idan an janye ruwan an noma wajen, me ya sa masana ke ƙorafi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya maka daidai ne, sai dai da sharaɗi guda: tarkacen nan sai ya ruɓe. Shuka ba ta cin ganye, ba ta cin kara. Abin da take sha shi ne ɗan abin da ƙananan halittun cikin ƙasa suka saki bayan sun ci nasu sun ƙoshi. Shi kuwa fit, asalinsa tarkace ne da ya ƙi ruɓewa. Duk amsar tambayarka a nan take kwance, amma bari mu bi ta a hankali, domin akwai lissafi mai daɗi a ciki.

Fit ƙasa ce da ta taru daga matattun tsirrai a wurin da ruwa ba ya janyewa rani da damina. Mafi yawansa yana can arewa mai sanyi: filayen Yammacin Saberiya, inda fadamar Basyugan kaɗai ta haura murabba'in kilomita 50,000, da gefen Tekun Hudson a Kanada, da Finlan, da Suwidin, da Sikotilan, da Ayilan. Yawancinsa ya fara taruwa ne bayan ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin duniya ta narke, wajen shekara 10,000 da suka wuce, kuma yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara, wani wajen ma bai kai ba. Wato kaurin da ya kai tsawon hannunka daga gwiwar hannu zuwa yatsu, aikin shekara ɗari huɗu ne ko biyar. A 1991 masanin nan Eville Gorham ya ƙiyasta cewa fadamun arewa na riƙe da tan biliyan 455 na kabon. Wani babban ƙiyasi da aka fitar a 2020 ya ce tan biliyan 415 na kabon da tan biliyan 10 na naitirojin. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu na ƙarshe, za mu dawo kansu.

Idan ka tsaya a kan irin wannan fadama, ƙasan yana motsi a ƙarƙashin ƙafarka kamar katifa. Saman kore ne, ko ja-ja, na wata gansakuka mai suna sfagnum. Ka cusa hannu ka tsamo dunƙule daga ƙasa kaɗan, za ka ga launinsa ruwan-ƙasa ne, kuma kana iya tsince ganyen gansakukar da zaren saiwa ɗaya bayan ɗaya. Masu binciken fit har yau suna amfani da wani gwaji na hannu da Lennart von Post na Suwidin ya tsara, mai mataki goma. Ana matse dunƙulen a tafin hannu. In ruwa garai-garai ya fito, tarkacen bai taɓu ba, mataki na ɗaya ke nan. In ruwan ya fito da duhu, ya fara ruɓewa. In kuwa dunƙulen gaba ɗaya ya sulale ta tsakanin yatsu kamar kwaɓaɓɓen yumɓu, an kai mataki na goma. Wannan matsar hannu takan gaya wa gwani rabin abin da ɗakin gwaji zai gaya masa.

Me ya hana shi ruɓewa? Babban dalili ruwa ne. Iskar oksijin tana tafiya a cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a sararin iska, saboda haka daga 'yan santimita ƙarƙashin matakin ruwan babu ita. Ga sanyi kuma da ke rage wa bakteriya kuzari. Sannan ita kanta sfagnum ba ta zauna haka kawai ba. Tana riƙe ruwa kusan ninki ashirin na nauyinta a bushe, wato ita ke jiƙa wa kanta gida. Bangon ƙwayoyin jikinta yana cafke ɗan kalsiyam da magneziyam ɗin da ke cikin ruwan, ya saki tsami a madadinsu, har ma'aunin pH, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauka zuwa wajen 4. Kuma gawarta cike take da sinadaran fenol masu kashe wa ƙwayoyin ruɓewa gwiwa. A 2001 Chris Freeman da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Wales sun nuna wani abu da na ke ganin shi ne ya fi burgewa a duk lamarin: sinadarin da ke farfasa fenol ɗin ba ya aiki sai da oksijin. Babu oksijin, fenol ya taru; fenol ya taru, sauran sinadaran da ke narkar da tarkace su tsaya cak. Wannan tsari ne ya adana gawar Mutumin Tollund da aka tono a wata fadamar fit a Denmak a 1950, fuskarsa da gashin haɓarsa suna nan bayan shekara fiye da 2,000.

Yanzu ga lissafin. Raba 415 da 10, za ka samu kusan 40. Wato a dunƙule, kowane kilo ɗaya na naitirojin yana cikin kilo arba'in na kabon. A ƙasar gona ta yau da kullum, wannan rabo yana tsakanin 10 da 12. A jikin ƙananan halittun ƙasa kuwa wajen 8 ne. A sabon fit na sfagnum yakan haura 50, har ya doshi 100. Su waɗannan halittu, idan suka ci kabon, wajen kashi biyu cikin uku yana fita ne ta numfashi, ragowar ke shiga ginin jiki. Saboda haka abincin da ya yi musu daidai shi ne mai rabo kusan 25. In ya gaza haka, naitirojin ya yi musu yawa, sai su zubar da rarar a matsayin amoniyam, shuka ta samu. In ya haura haka, bai ishe su ba, sai su wawashe duk wanda ke yawo a cikin ƙasa, shuka ta tashi a tutar babu.

Wannan ka san shi tun kafin ka shiga aji. Manomin da ya binne ɗanyen karan dawa ko buntun shinkafa daf da shuka, masararsa takan yi ɗorawa a makonnin farko, ganyen ƙasa ya koɗe. Wanda ya binne harawar wake ko kashin kaji bai ga haka ba. Dalilin ɗaya ne da na fit. Bambancin kawai, a gonarmu zafi da gara da iska suna gama da karan cikin damina ɗaya ko biyu, naitirojin ya dawo. A can kuwa babu ranar dawowa muddin ruwa na nan. Shi ya sa ma fadamunmu, duk da laimarsu, ba fit ba ne: suna bushewa da rani, zafi ya cinye tarkacen kafin ya taru.

Akwai wani tarko kuma da ɗalibai ke yawan faɗawa ciki idan an miƙa musu takardar gwajin ƙasa. Za ka ga an rubuta naitirojin kashi 1 cikin 100 a fit, a ƙasar gona kuma kashi 0.1, ka ce ninki goma ke nan. Amma wannan awo na nauyi ne, saiwa kuwa fili take bi, ba nauyi ba. Busasshen fit sakayau ne: mita ɗaya kubik nasa wajen kilo 100 ne, na ƙasar gona kuma wajen kilo 1,400. Ɗauki hekta ɗaya, zurfin santimita 20. Fit ɗin tan 200 ne, naitirojin ɗinsa tan 2. Ƙasar gonar tan 2,800 ce, nata tan 2.8. Ka ga ninki goman ya tafi, tun ba a zo maganar wanne ne ke sakin nasa ba.

Ba duk fadamun fit ne halinsu ɗaya ba, kuma wanda bai raba su gida biyu ba zai yi ta ruɗewa da abin da yake karantawa. Akwai wadda ruwan ƙasa ko na rafi ke ratsa ta, yana kawo mata ma'adinai daga duwatsu. Ita tsaminta kaɗan ne, ciyayi masu kama da jema da gyaro ke mamaye ta, rabon kabon da naitirojin nata yakan kasance tsakanin 15 da 30. Akwai kuma wadda fit ɗinta ya yi tudu har ya fi ƙarfin ruwan ƙasa, ba ta da abin sha sai ruwan sama. Wannan ita ce matalauciyar gaske. A wuraren da ke nesa da masana'antu, naitirojin ɗin da ruwan sama ke kawo mata bai wuce kilo ɗaya ko biyu a hekta a shekara ba, sai ɗan abin da wasu bakteriya da ke zaune cikin gansakukar ke kamowa daga iska. Kuma sfagnum ce ke fara tare shi tun daga sama, kafin ya kai ga saiwar kowa. Tsirran da ke zaune a nan duk 'yan tsimi ne. Ƙananan itatuwan suna da ganye ƙanana masu tauri da ba sa zubarwa kowace shekara, domin zubar da ganye asarar naitirojin ce. Wasu sun koma farauta. Akwai drosera, ɗan tsiro da bai fi tafin hannu ba, ganyensa da jajayen gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa yana ƙyalli. Ƙuda ya sauka ya maƙale, gashin ya lanƙwaso a kansa a hankali, ganyen ya narkar da shi. Tsiro ne da ke zaune a kan tan-tan na naitirojin, yana neman nasa a jikin sauro.

To yanzu rabi na biyu na tambayarka. Idan aka haƙa magudanai ruwa ya sauka, iska ta shiga, ƙullin da fenol ya yi wa ruɓewa ya kwance. Bakteriya su faɗa wa tarkacen shekara dubbai, kabon ya tashi sama a matsayin kabon-dayoksaid, naitirojin ya saku. Kuma gaskiya ne, ƙasar takan yi albarka ta ban mamaki, musamman irin ta farko mai shan ruwan ƙasa. Yankin Fens na gabashin Ingila yana cikin ƙasashen noma mafi daraja a Birtaniya, baƙar ƙasa mai laushi da ake noman dankali da latas da seleri a kanta. Amma dubi daga ina albarkar ke fitowa. Alƙaluman 2013 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, sun sa asarar gonar da ke kan fit da aka janye wa ruwa a kusan tan 8 na kabon a hekta a shekara, wato wajen tan 29 na kabon-dayoksaid. In rabon ƙasar 20 ne, tan 8 na kabon zai tafi da kilo 400 na naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Raba ka gani: kamar buhu 17 ne a kowace hekta, kowace shekara, ba tare da manomi ya je kasuwa ba. Sai dai ba kyauta ba ce. Ƙasar ce da kanta ke ƙonewa ba hayaƙi.

Akwai shaida da ake iya taɓawa da hannu. A Holme Fen, cikin yankin Fens ɗin nan kusa da garin Peterborough, an kafa wani ginshiƙin ƙarfe wajen 1851, lokacin da ake janye ruwan tafkin Whittlesey, aka nutsar da shi har kansa ya yi daidai da doron ƙasa. Yau ginshiƙin yana tsaye kusan mita 4 a sarari. Wani ɓangare na wannan sauka, musamman a shekarun farko, tsukewa ce ta ƙasar da aka matse wa ruwa. Sauran kuwa ruɓewa ce da kwasar iska. A gonakin yankin ƙasa na raguwa da santimita ɗaya zuwa biyu a shekara. Tuna ana tara ta ne da milimita ɗaya. A wurare da dama fit ɗin ya riga ya ƙare, garma ta fara juyo yumɓun da ke ƙarƙashi, kuma ƙasa ta sauka ƙasa da matakin teku, sai da famfo ake fitar da ruwa.

Kuma kilo 400 ɗin nan ba duka shuka ke samu ba. Ruɓewa ba ta san kalandar manomi ba, tana ci gaba bayan girbi. Rarar takan zama naitiret ta bi magudanai zuwa koguna, wani kuma ya tashi a matsayin naitiros-oksaid, iskar da ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon-dayoksaid kusan sau 270. A nan ma rabon nan namu ne alƙali. Masu bincike a Suwidin sun nuna a 2005 cewa a dazuzzukan da ke kan fit da aka janye wa ruwa, wannan iska ba ta da yawa in rabon ya haura 25, amma da ya sauka ƙasa da haka sai ta yi tashin gwauron zabo. Ma'ana, fit ɗin da ya fi daɗin noma shi ne ya fi ɓarna idan an buɗe shi.

Ita kuwa matalauciyar mai shan ruwan sama, ko an janye mata ruwa ba lallai ta biya ba. Finlan ta koyi wannan da tsada. A ƙarni na 20, musamman shekarun 1960 da 1970, ta haƙa magudanai a wajen hekta miliyan 5 na fadamu domin shuka itatuwan katako. A wuraren da ke da ma'adinai daji ya tashi. A ɗaruruwan dubban hekta kuwa bishiyoyin sun tsaya a tsumbure, kuɗin haƙa ya tafi a banza, fadamar kuma ta lalace. Ko inda naitirojin ya wadata, sai wata yunwar ta ɓullo: fosfaras da fotasiyam, waɗanda asalinsu daga dutse suke, fit kuwa ba shi da dutse. Shi ya sa a can ake watsa tokar itace a irin waɗannan dazuzzuka, domin toka tana da su biyun, ba ta da naitirojin, kuma tana rage tsami. Manoman Jamus da Holan da suka fara noma sabon fit sun gamu da wata cuta a hatsinsu, kan ganye ya yi fari, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Daga baya aka gane ƙarancin tagulla ne, don tarkacen yana riƙe ta tamau. Idan ka taɓa ganin buhun fit da masu rainon tumatir da tattasai ke zubawa a tire, karanta jikinsa: an riga an haɗa masa garin farar ƙasa da taki. Don laushinsa da riƙe ruwa ake sayensa, abincin daga waje ake kawowa.

Wani zai ce, to a bar ruwan, a ƙara wa fadamar naitirojin mana, tsiro ya yi yawa, kabon ya ƙara taruwa. An gwada, da gangan da kuma ba da gangan ba. A Holan da wasu sassan Birtaniya, amoniya daga gidajen dabbobi da hayaƙin motoci sun daɗe suna saukar da naitirojin da ya ninka abin da fadamun ke iya ɗauka, wanda masana a Turai suka daɗe suna sa iyakarsa tsakanin kilo 5 da 10 a hekta a shekara. Da farko sfagnum takan shanye. Idan ta cika sai ya zarce ƙasa ya kai ga saiwar ciyawa da ƙananan itatuwa, su yi tsawo su yi mata inuwa, ta mutu. Ganyen waɗannan sababbin masu gida yana ruɓewa da sauri, saiwarsu na tsotse ruwa. A fadamar Mer Bleue kusa da Ottawa a Kanada, inda aka fara zuba taki a filayen gwaji a 2000, abin da ya faru ke nan: itatuwa sun ƙaru, gansakuka ta ɓace, kuma kabon da filin ke ajiyewa bai ƙaru ba, raguwa ya yi. A Whim Bog ta Sikotilan, inda aka fara a 2002, busasshiyar iskar amoniya ta fi kowane nau'i saurin kisa. Talaucin wannan ƙasa shi ne ke tsare dukiyarta, kuma ina ganin wannan ne ya fi wa mai ilimin gona wuyar haɗiyewa, domin duk tarbiyyarmu ta ƙara albarka ce.

Ɗumamar yanayi ma ta wannan ƙofa take shigowa. A gwajin SPRUCE a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, an kewaye sassan fadama da manyan rumfuna, ana ɗumama wasu har digiri 9 sama da na waje tun 2015. A rumfunan da suka fi zafi sfagnum ta ja baya ƙwarai, ƙananan itatuwa suka bunƙasa, naitirojin da ke yawo ya ƙaru, filin ya koma fitar da kabon. Kusan rabin kabon ɗin fadamun arewa kuma yana yankunan da ƙasa ke daskare shekara da shekaru, kuma tana narkewa, kamar yadda ake gani a Stordalen kusa da Abisko a Suwidin.

Kada ka ɗauka jiƙaƙƙiyar fadama ba ta fitar da komai. Tana fitar da iskar mitan, mai ƙarfi ce wajen ɗumama duniya, amma ba ta wuce shekara goma sha biyu ko makamancin haka a sama, alhali kabon da aka binne yana nan dubban shekaru. A dogon lissafi sanyaya duniya take yi.

Ra'ayina kan noman irin wannan ƙasa: wadda ba a taɓa ba, a bar ta, musamman mai shan ruwan sama, don ko ta fuskar riba ba ta da abin bayarwa. Wadda aka riga aka noma kuwa maganar ta fi wuya, domin mutane na ci daga gare ta. Mayar da ruwa yana tsayar da ƙonewar, amma ba ya goge shekarun taki. Saman ƙasar ya riga ya ruɓe, rabonsa ya sauka, ya cika da fosfaras. In aka malale shi da ruwa lokaci guda, fosfaras ɗin ya narke ya gurɓata ruwan, mitan ya yi yawa, kuma abin da zai tsiro kachala ce da gyaro, ba sfagnum ba. Shi ya sa wasu ke kankare saman kafin su mayar da ruwa, wasu kuma, kamar masu bincike a Greifswald ta Jamus, ke neman a noma kachalar da gyaron da kansu a sayar don rufin ɗaki da allunan gini, suna zuƙe rarar takin a hankali. Ko ba a jiƙa gaba ɗaya ba akwai sauƙi: wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa duk santimita 10 da aka ɗaga matakin ruwa a gonar da aka zurfafa wa magudanai yana rage aƙalla tan 3 na kabon-dayoksaid a hekta a shekara, har sai ruwan ya zo santimita 30 daga sama.

Don haka idan aka ba ka sakamakon gwajin ƙasar fit a jarrabawa ko a aiki, kada ka tsaya kan kason naitirojin. Nemi rabon kabon da naitirojin, nemi nauyin mita kubik, nemi pH da fosfaras da fotasiyam, sannan ka tambayi zurfin da ruwa ke tsayawa a watan da ya fi bushewa.